Waya Ba Ta Jin Kunyar Surukai

A gidan da aka yi wa yaro tarbiyya, idan aka aike shi wurin mahaifinsa ya tarar da shi a majalisa cikin mutane, ba ya tsayawa daga nesa ya kwararo saƙon. Zai yi sallama, ya durƙusa ya gaida kowa, sannan ya matsa kusa ya ce, "Baba, ana magana da kai a ciki." Ko kuɗin cefane ne ya gaza, ko naƙuda ce ta kama wata, babu wanda zai ji a bakinsa. Ɗan aiken wannan zamani kuwa, wato wayar da ke aljihunku, an cika ta da dabaru iri-iri amma ba a sa mata wannan ba. Ba ta san surukai ba, ba ta san zaman makoki ba, ba ta bambance ɗakinka da cikin motar haya. Abin da aka saita ta a kai shi za ta yi, ko a gaban wa.

Ƙannena maza da mata, da ku nake, domin ku ne kuka fi kowa riƙe waya, kuma ku ake miƙo wa wayar Hajiya ko ta Baba idan ta rikice.

Bari mu fara da muryar. Waya ba ta buɗe baki haka kawai, sai an kunna mata wani abu, da sani ko ba da sani ba. Yawancin wayoyin da ke hannunmu, Tecno ne ko Infinix ko itel ko Samsung ko Redmi, a kan Android suke tafiya, kuma a cikin Android akwai wata manhaja ta Google mai suna TalkBack. Tun 2009 aka fito da ita, shekarar da kamfanin Apple ma ya sa irinta, VoiceOver, a cikin iPhone 3GS. Don makafi da masu raunin gani aka yi su. Aikinsu su faɗi duk abin da yatsa ya taɓa, su kuma karanta sanarwar da ta shigo. Ga wanda Allah ya jarraba da rashin gani wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce: da ita yake kiran wanda yake so, ya ji saƙonsa da kansa, ya tura kuɗi ba tare da ya faɗa wa ɗan jagora lambar sirrinsa ba. Don haka kada wanda ya ji ina cewa a kashe ta ya ɗauka abin banza ce. Inda gizo ke saƙar shi ne tana kunnuwa a hannun wanda bai nema ba. A wayoyi da yawa akwai gajeriyar hanya: a danne maɓallin ƙara sauti da na rage sauti tare na kamar daƙiƙa uku, sai ta tashi. Yaro mai wasa da wayar uwarsa zai iya yi, matsattsen aljihun wando ma zai iya.

Alamarta ba ta ɓuya. Wayar za ta fara surutu da Turanci, wani layi mai kusurwa huɗu ya kewaye abin da ka taɓa, ka danna abu ya ƙi buɗewa, ka ja allon ya ƙi tafiya. Na sha ganin dattijuwa ta ƙulle irin wannan waya a bakin mayafi ta nufi wurin mai gyara, ta gama yanke cewa ta lalace ko an yi mata kutse. In ba ta yi dace da mai tsoron Allah ba, sai a ce mata sai an yi filashin, ta biya kuɗi, hotunan jikokinta da lambobin 'yan uwa su tafi. Alhali ba abin da ya sami wayar. Dokar taɓawa ce kawai ta canja: taɓawa ɗaya zaɓi ne, sai ka ƙwanƙwasa sau biyu da sauri abu ya buɗe, jan allo kuma da yatsu biyu ake yi. Ka fara gwada danne maɓallan nan biyu. In ba ta yi shiru ba, ka bi sabuwar dokar ka lallaɓa cikin saitin, ka rubuta TalkBack a gurbin bincike, ka kashe ta, sannan ka kashe gajeriyar hanyar don kada gobe a koma gidan jiya. A iPhone, idan an saita haka, danna maɓallin gefe sau uku a jere ne ke kunna VoiceOver ya kuma kashe ta, jan allo kuwa da yatsu uku ne.

Wanda yake buƙatarta kuwa, shi ma yana da sirrin da zai tsare. Iyafis a kunne ya raba gardama, kuma manhajojin biyu duk suna da tsarin da ke duhunta allo gaba ɗaya, wayar tana aiki amma na gefe ba ya ganin komai. In kana da ɗan uwa makaho, nemo masa wannan ka kunna masa, zai gode maka fiye da katin waya.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan shammatar mutum, don ba ta hana ka amfani da wayar, lafiya lau kake har ranar da abin zai faru. Tun 2019 iPhone ta fara barin Siri ta karanta wa mutum saƙon da ya shigo a cikin AirPods. A 2021 aka faɗaɗa abin ya haɗa da sanarwar sauran manhajoji, a 2022 kuma aka ƙara zaɓin da za ta karanta a sifikar wayar kai tsaye. Samsung ma yana da irin wannan a iyafis ɗinsa na Galaxy Buds. Mai tuƙi ko mai aiki da hannu biyu zai ji daɗinsa. Amma mu ba mu cika sa iyafis mu kaɗai ba. Kuna zaune a dakali da aboki, ka ciro ɗaya ka miƙa masa ya ji wani karatu ko sharhin ƙwallo, sai sautin ya ragu, murya ta ambaci sunan wadda ta aiko, ta karanto abin da ta rubuta tun daga farko har ƙarshe, a kunnenka da nasa. A iPhone cikin saitin, sashen sanarwa, za ka ga inda aka ba Siri wannan aiki. Kana iya kashe shi duka, ko ka zaɓi manhajar da za ta yi wa da wadda ba za ta yi wa ba. Na Samsung a manhajar iyafis ɗin yake.

Mota ma haka. Ranar da ka fara haɗa wayarka da rediyon mota ta Bluetooth, sau da yawa wayar kan tambaye ka ko ka yarda motar ta ga lambobin mutanenka da saƙonninka. Kusan kowa dannawa yake ya wuce, hankalinsa na kan waƙar da zai sa. In motarka ce kai kaɗai, to. In ta aro ce, ko ta wurin aiki, ko ta gida da kowa ke ja, ka ƙi. In kuma ka riga ka yarda, ka goge wayarka daga jerin motar kafin ka mayar da makulli. Kuma ka tuna muddin wayar na haɗe da sifika, ta mota ce ko ta gidan biki, duk sautin da ka kunna can zai fita.

A nan ne saƙon murya ke shigowa, domin mu mutanen saƙon murya ne. Wanda bai iya boko ba shi ne wasiƙarsa, wanda ya iya ma ya gaji da neman ƙ da ɗ a kan allo. Ba waya ce ke tona wannan ba, mai ita ne. Ka shiga a-daidaita-sahu daga Sabon Gari zuwa Kabuga, da wuya ka sauka ba ka ji wani ya kunna saƙon da ba a yi don kunnenka ba: wata na kuka tana ba yayarta labarin abin da ya haɗa ta da miji, ta ambaci sunansa da na uwarsa, ita kuwa yayar ta riƙe wayar a tafin hannu, sauti a ƙure, fasinja uku da direba suna saurare. Abin takaicin, maganin ba ya cin ko sisi. A WhatsApp, idan ka kunna saƙon murya ka kara wayar a kunne kamar mai amsa kira, sautin yana barin babbar sifika ya koma ƙaramar da ke sama, kai kaɗai za ka ji. Haka sa mutum a hansfiri ba tare da an gaya masa ba. In dole ne wasu su ji, kalma huɗu ta isa: "Ga su wane nan."

Wani zai ce ai muryar waya ba abin tsoro ba ce, Turanci aka koya mata, in ta zo karanta Hausa kame-kame take yi kowa ya yi dariya. Gaskiya ne. Sai dai alat ɗin banki ba da Hausa yake zuwa ba. Shi kam tsaf za ta karanta shi, da abin da ya shigo da abin da ya rage, kuma mai neman rance a wurinka ba ya buƙatar digiri kafin ya gane adadi.

Saura manhajojin da mutum ke saukewa da hannunsa: mai faɗin sunan mai kira, mai karanta saƙo, ta agogon hannu mai araha, mai cewa za ta dawo maka da saƙon da aka goge. Yawancinsu ba sa aiki sai ka ba su izinin ganin sanarwar wayarka, wanda kuma ya sami wannan izini ya sami duk abin da ya shigo, a wayoyi da yawa har da lambar banki. A saitin Android akwai jerin manhajojin da ke da wannan izini na musamman. Ka buɗe shi yau ka duba. Duk sunan da ba ka gane ba, ko wanda ka daina amfani da shi, ka ƙwace izinin. Mun ga abin da manhajojin ba da rance suka yi da irin wannan sakaci a Nijeriya: mutum ya ci bashin 'yan dubbai, ya yi jinkirin kwana biyu, sai a bi lambobin da ke wayarsa ana aika wa surukansa da shugabansa na wurin aiki cewa ɓarawo ne. Sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara kai musu samame a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobin mutane da hotunansu a 2023. Kafin nan mutunci nawa ya zube?

To, an kashe murya. Amma ni a ganina ido ya fi kunne ɓarna, don shi ba ya yin ƙara. Wayar tana kulle, ka ajiye ta a kan tabarma ka tafi alwala, saƙo ya shigo, allo ya yi haske, ga sunan mai aikowa ga layi biyu na farko. Yawancin saƙonni kuwa ba su wuce layi biyu ba. Kullen da ka yi bai tsare komai ba ke nan. Android da iPhone duk suna da zaɓi a sashen sanarwa: ko a nuna komai a kan kullen allo, ko a nuna cewa saƙo ya zo amma a ɓoye abin da ke ciki sai an buɗe, ko kada a nuna komai. Na tsakiyar ya ishi yawancin mutane. Minti ɗaya ake yi, kuma in da za a ce in zaɓi abu guda cikin duk abin da na lissafa, shi zan zaɓa.

Na san abin da wasunku za su ce, don ana faɗa: "In ba ka da abin ɓoyewa, me ya sa kake kulle waya?" Wannan tambaya ta sa samari da 'yan mata da yawa sun bar wayoyinsu a buɗe don kada a zarge su. Amsarta ita ce abin da ke cikin wayarka ba naka ba ne kai kaɗai. Buɗe ka duba. Ga abokin da ya rubuto da tsakar dare yana neman ka rufa masa asiri da kuɗin asibiti. Ga ƙanwarka da ta turo hoton takardar gwajinta don ka nuna wa likitan da ka sani. Ga ƙawar da ta gaya miki ta yi ɓari, ko mahaifiyarta ba ta sani ba tukuna. Ga wanda ya gaya maka an kore shi daga aiki amma kullum da safe yana fita don kada iyalinsa su tashi hankali. Ko ɗaya cikinsu bai rubuta wa matarka ba, bai rubuta wa saurayinki ba, bai rubuta wa yaron da ke buga wasa a wayar ba. Kai ya zaɓa. Kana iya yafe sirrinka in ka ga dama, naka ne. Na wani kuwa amana ce a hannunka, ba ka da ikon yin kyauta da ita. Da magabata suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, a lokacin a ciki ake ajiye magana. Yau rabin abin da aka ba mu ajiya a waya yake kwana.

Shi ya sa ban yarda da wannan yayi na musayar lambar buɗe waya a matsayin shaidar soyayya ba. "In kina so na da gaske, ba ni lambar." Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ke ba, lamba ba za ta natsar da ita ba, zai shiga ya tarar da "sannu da aiki" daga ɗan ajinku ya gina gida a kai. Kuma ranar da aka ɓata, duk abin da ya gani yana nan a kansa, wani ma ya riga ya tura wa kansa. Ma'aurata su ne suka san yadda suka tsara zamansu, ba zan shiga tsakani ba, amma ko a can ina ganin ya kamata mai turo saƙo ya san cewa wayar ta mutum biyu ce. Addini bai bar wannan a duhu ba: aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da bin diddigin asirin mutane a wuri guda, kuma wanda ya taɓa ɗaukar wayar wani a ɓoye ya san dalilin da aka haɗa su, ɗaya ne ke haifar ɗaya. Iyaye da ƙananan yara kuwa wani babi ne. Uba yana da haƙƙin sanin abin da ɗansa ɗan shekara goma sha biyu ke yi da waya, sai dai ya yi a fili, yaron ya san ana dubawa.

Dokar ƙasa ma tana nan. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba ɗan ƙasa kariya a kan gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya, a 2023 kuma aka sa hannu a kan dokar kare bayanan mutane. Yana da kyau a san da su. Amma magana zarar bunu ce, alƙali ba ya mayar da ita.

Za ku ce ai WhatsApp a rufe yake, su da kansu suna rubutawa a saman kowace hira. Haka ne, tun watan Afrilu na 2016 saƙonninsa suke tafiya a ƙulle daga waya zuwa waya, ko kamfanin ba ya iya karantawa, saɓanin tes na layi da ke bi ta hannun kamfanin sadarwa a buɗe, saɓanin kuma hirar yau da kullum ta Telegram, wadda ba ta da irin wannan ƙulli sai ka zaɓi hirar sirri. Amma ku lura da abin da aka ƙulle: hanya ce. Da saƙo ya sauka a wayarka ya buɗe, daga nan tsaronsa ya dawo wuyanka. Kuma ɓarayin sirri ba a hanya suke tare shi ba, a gida suke jira. Tun 2015 ana iya haɗa WhatsApp da kwamfuta, yanzu har na'ura huɗu ake haɗawa da lamba ɗaya. Wanda ka ba aron wayarka a buɗe na minti biyu "zai yi kira" yana iya haɗa ta da tasa, ya koma gida yana karanta duk abin da ya shigo maka har sai ranar da ka lura. Ka riƙa leƙa jerin na'urorin da aka haɗa, in ka ga baƙuwa ka fitar da ita. A 2023 WhatsApp ya ƙara kulle hira ɗaya-ɗaya da yatsa ko da lamba, wanda ke hana abin da ke cikinta fitowa a sanarwa. Ajiyar da wayar ke turawa Google Drive ko iCloud ma tun 2021 ana iya ƙulle ta, amma sai ka kunna da kanka. GBWhatsApp da 'yan uwansa kuwa, duk kwalliyar da ke jikinsu, ba kamfanin ne ya yi su ba, ba ka san wanda ya yi su ba, kuma ta hannunsa duk hirarka ke bi.

Game da hoton da ake gani sau ɗaya da saƙon da ke ɓacewa bayan kwana ɗaya ko bakwai ko casa'in, suna rage tarin kaya, amma kada su ba ki ƙarfin gwiwar tura abin da ba za ki so a gani ba. Waya ta biyu tana ɗaukar hoton ta farko.

Aron waya kuwa ba za a daina ba, ba ma a so a daina; mutum ba ya ce wa ƙaninsa ko maƙwabcinsa a'a don kira ɗaya. Android na da tsarin kafe manhaja ɗaya a allo, iPhone ma na da irinsa, ta yadda wanda ka miƙa wa ba zai iya fita daga inda ka buɗe masa ba sai da lambarka. Ka ba da aro, ba ka ɓata wa kowa ba.

Akwai saƙo guda da ba a karanta wa kowa, ko da murya ko da ido: lambar da banki ko WhatsApp ya turo maka. Dabarar 'yan damfara ta tsufa amma har yanzu tana ci. Za a kira ka da ladabi, a ambaci sunan guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ko na masallacinku, a ce za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lamba shida ta shiga, ka karanto a sa sunanka. Kana karantowa WhatsApp ɗinka ya koma hannunsu, su fara bin 'yan uwanka da sunanka suna neman a turo kuɗi cikin gaggawa. Wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato wata lamba shida da shi ya zaɓa da kansa, ko sun sami ta farko sai su cije. Banki kuma ba ya kira ya tambayi lambar katinka ko wadda ya turo maka. Duk wanda ya tambaya, ko ya karanto maka BVN ɗinka daidai, kashe wayar.

Sim ɗin ma a sa masa lamba. Masu ƙwacen waya sun daɗe da gane cewa ɗan guntun katin ya fi wayar tsada: a zare shi a sa a ƙaramar waya, saƙon banki ya fara shigo musu, kullen babbar wayarka bai hana komai ba. Sim mai lamba kuwa duk wayar da aka sa shi sai ya tambaya. A yi hattara wajen sawa: kuskure uku yana rufe shi sai an kawo PUK, lamba takwas da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, kuskure goma a PUK kuma ya kashe shi sai an je an yi walkam-bak. Kada ka yi ta canka. In ba ka san lambar farko ba, tambayi kamfanin layinka.

Yanzu ga wadda ta fi damuna, don ita ba a saitin take ba. Da yawanku ku ne idon iyayenku. Saƙo ya shigo wayar Inna, ta miƙo ta ce, "Duba min, me aka ce?" Kafin GSM ya shigo Nijeriya a 2001 wasiƙa ake kai wa ɗan makaranta ya karanta, kuma unguwa ta san yaron da ake kai wa da wanda ba a kai wa, ba don wani ya fi wani iya karatu ba. Idan aka miƙo maka, ka fara karantawa a zuci. Ka dubi waɗanda ke wurin. In alat ne, ko maganar gado, ko rashin lafiyar wani, ka ce, "Inna, ba na gaggawa ba ne, bari baƙi su tafi," ko ka matsa ka faɗa mata a hankali. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada kuma ka ɗauka ka kai wa matarka ko abokinka, ko da labarin daɗi ne. Ita ke da ikon sanar da wanda take so. Kuma kada gajiya da yawan kiranka ta sa ka kunna mata mai karantawa da ƙarfi ka yi tafiyarka. Ka huta, amma ka bar ta da abin da zai faɗi kuɗin da ɗanta ya turo daga Legas a gaban mai tallan kuka da 'yan barka. In har za ka kunna mata, ka haɗa mata da iyafis, ka zauna ka koya mata yadda ake sa shi ya yi shiru. In kai ka sa mata lambar sirri ta banki, ka san cewa ranar da kuɗi ya yi ƙafa kai za a fara kallo, don haka ka nuna mata yadda za ta canja, ko ka sa wani babba a gidan ya san yadda aka yi.

Waya tana kuma barin hannu ta hanyoyin da ba ma lissafawa. Rashin wuta ya sa ta wuni a teburin mai caji cikin wayoyi hamsin. Kashe ta gaba ɗaya kafin ka miƙa, ta fi saurin cika ma. Wurin gyara, a Farm Centre ne ko a bakin tasha, in canjin gilashi ne ko wurin caji, yawanci ba sai ka ba da lambar buɗewa ba, ka tsaya a gwada a gabanka. In dole ne ta kwana, ka zare sim da memori. Wayoyin Samsung na baya-bayan nan, tun 2022, suna da tsarin gyara da ke ɓoye duk kayanka ya bar wa mai gyara wayar kamar sabuwa. In sayarwa za ka yi ko kyauta, goge hotuna ɗaya-ɗaya bai isa ba: ka fita daga asusunka na Google ko na Apple, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Layin da ka daina amfani da shi ma ba mutuwa yake ba. In ya daɗe a ajiye kamfani yana karɓe lambar ya sayar wa wani. Kafin ka yar da shi, je banki ka canja lambar da ke kan asusunka, ka mayar da WhatsApp ɗinka kan sabon layi, ka gaya wa mutanenka. In ba haka ba alat ɗinka zai ci gaba da zuwa, saƙon ƙanwarka ma zai ci gaba da zuwa, sai dai a wayar wani mutum a Gusau ko Fatakwal.